Uwani da Gonaki Dubu Huɗu

Duk wanda ya yi noma a ƙauyukan da ke kewaye da Suleja cikin shekaru ashirin ɗin nan ya san Uwani malamar gona. Wanda bai san sunanta ba ya san babur ɗinta, wani ɗan ƙaramin ja tsoho da akan ji tarinsa kafin ya shawo kwana. A bayansa take ɗaure sikeli da igiyar awo da jakar leda cike da littattafai masu bangon kwali. Gajeriya ce kakkaura mai saurin baki. Idan ta sauka a bakin gona, sau da yawa sai ta yi nisa da faɗa a kan tazarar shuka kafin ta tuna ba a gaisa ba, sai ta dawo ta gaishe da mutum da ladabi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A Iku aka haife ta, a Iku ta yi aure, kuma har yau tana nan. Mahaifiyarta ma'auniyar hatsi ce a kasuwar Diko, saboda haka tun kafin Uwani ta iya rubuta sunanta ta san bambancin mudun da aka yi wa tozo da wanda aka share bakinsa da tafin hannu. A makaranta ba ta yi fice a komai ba sai tarawa da rabawa. Da ta gama sakandare kawunta ya kai ta makarantar koyon aikin gona, ba don ya hango mata wani abu ba, sai don a can yake da aboki. Ta fito da difloma, ta sami aiki a wani shirin bunƙasa noma mai ƙaramin ofis a cikin gari, ɗaki biyu da baranda.

Mijinta, Malam Idris, manomi ne da birni ya biyo har gona. Da ya ga ma'aikatan Abuja suna ta neman wurin sa haƙarƙari, sai ya yanki rabin gonar ya gina ɗakunan haya takwas, ya bar rabin yana doya. Yakan ce ɗakunan sun fi doya sauƙin noma, illa dai doya ba ta taɓa kawo masa ƙarar maƙwabciyarta ba.

Shekarar da Uwani ta cika arba'in da tara, shirin ya kawo sabon irin masara. Aka raba shi a ƙauyuka goma sha huɗu, gona ɗari da sittin da ɗaya. Ita ta bi su duka tun daga shuka har girbi, ta auna faɗin kowace, ta ɗora masarar a sikeli, ta rubuta. Shugaban ofishin, Oga Vincent, mutumin kudu ne mai kirki da son taro. Ya ce a fitar da ƙauyen da ya fi kowa a ba shi injin feshi biyu. Uwani ta zauna da kalkuleta ta tara amfanin kowane ƙauye ta raba da yawan gonakinsa, kamar yadda ta saba. Sai ga Tungar Habibu a sama, kuma da rata mai yawa.

Tungar Habibu gida biyar ce a bayan Dutsen Zuma. Gonaki uku kawai ta sa a gwajin: ta Baba Habibu mai tungar, da ta ƙaninsa, da ta surukinsa. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauki hoto. Baba Habibu dogon tsoho ne da a da sai a yi zaman majalisa a watse ba a ji muryarsa ba. Daga ranar da ya rungumi injin feshi ya zama malami. Duk ranar kasuwar Diko yana nan a gindin wata bishiya yana bayyana sirrin noma ga mai tambaya da wanda bai tambaya ba. Babban sirrin shi ne, ba ya shuka sai kwaɗi sun kwana uku suna kuka a jere. Ita kanta Uwani ta rubuta rahoto mai shafi huɗu a kan darussan da sauran ƙauyuka za su koya daga Tungar Habibu.

Da shekara ta zagayo aka sake gwajin, da iri ɗaya da manoma ɗaya. Tungar Habibu ta zo ta ƙarshe. Gonar surukin ruwa ya kwanta mata, ta ƙanin tsutsa ta samu, ta Baban ce kawai ta yi dama-dama. Oga Vincent ya ce a rubuto masa wasu shafuka huɗu a kan dalilin faɗuwar. Uwani ta ɗauko rahoton bara ta ajiye a gefe, ta fara na bana, sai ta ga duk abin da ta yaba bara shi take shirin zargi yanzu. Ta ajiye biro. Ana cikin haka Baba Habibu ya zo ofis da kansa, ya gaishe da kowa cikin mutunci, ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, shawara ce: sikelin Malama ya tsufa, ya kamata gwamnati ta duba. Kafin mako ya fita maganar ta zagaye ƙauyuka. Inda duk ta sauke sikelin sai ta ga manoma suna kallonsa ta wutsiyar ido. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna, domin a gidansu ana iya yafe wa mutum abubuwa da yawa, ban da tauye awo.

A ɗakin ƙarshe na gidan haya akwai wata mata, Toyin, Bayarabiya mai shekara talatin da takwas, da ke aiki a Abuja a wata ƙungiya mai binciken lafiyar mutanen karkara. Da sassafe take bin motar ma'aikata, sai bayan magariba ta dawo, saboda haka ranar Asabar kaɗai ake ganinta sosai. A Suleja ta girma, Hausarta ta kasuwa ce, mai sauri, cakuɗe da Turanci.

Wata Asabar da hantsi Uwani ta baje littattafanta a tabarma ƙarƙashin mangwaro tana maimaita lissafin karo na huɗu. Toyin tana shanya, sai ta leƙo. Ta tambayi abin da ake nema, aka gaya mata. Ta tambayi gona nawa ne a Tungar Habibu, aka ce uku. A Iku fa? Goma sha tara. Toyin ta yi dariya, ta ga fuskar Uwani, ta ba da haƙuri, ta tsuguna da kaya jiƙaƙƙu a kafaɗarta.

"Mama, sikelinki lafiya lau, lissafinki ma daidai ne. Tambayar ce ta fi ƙarfin kalkuleta."

Ta yi bayani cewa inda gonaki uku ne kawai, gona ɗaya in ta yi sa'a sai ta ɗaga ƙauyen gaba ɗaya, in ta yi rashin sa'a ta kayar da shi. Inda suke goma sha tara kuwa, sa'ar wannan takan cinye rashin sa'ar wancan. Ta ce akan yi kuskure ta hanya biyu. Ko dai a ɗauki kowane ƙauye shi kaɗai kamar ba shi da maƙwabta, ko a juye duka a kwano ɗaya kamar ba su da bambanci. Akwai hanya ta uku, wadda ke lura cewa gonaki suna cikin ƙauye, ƙauyuka suna cikin yanki. Ƙauye mai gonaki da yawa sai a bar shi ya yi wa kansa magana. Mai kaɗan sai a ɗan ja shi zuwa ga abin da aka gani a sauran, kuma alƙaluman da kansu ke nuna yawan jan da za a yi. Ta faɗi sunan abin da Turanci, Uwani ta gwada sau biyu harshenta ya ƙi, ta ce ita lissafin hawa-hawa za ta kira shi.

Malam Idris yana gefe yana zaɓen irin doya. Bai ɗago ba ya ce ai shi tun tuni haka yake yi. In baƙo ya zo neman ɗaki, da halin waɗanda suka kawo shi yake auna shi. In ya shekara a gidan, sai ya koma auna shi da halinsa. Toyin ta ce wallahi darasin farko ke nan, sannan ta tambaye shi da me aka auna ta ranar da ta zo. Ya ce 'yan ƙungiyar waƙar cocinsu ne suka rako ta, shi ya sa ya ba ta ɗakin da ya fi nisa da nasa.

Uwani ta nemi a koya mata a takarda. Toyin ta ce wannan lissafi ba na takarda ba ne, sai da kwamfuta. A ofis akwai wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta shekara biyu a cikin kabad. Oga Vincent ya ba da ita aro da murna, yana tsammanin rahoton za a buga masa. Toyin ta sa mata wata manhaja mai suna R, harafi ɗaya tal. Uwani ta ce abin da sunansa bai wuce harafi ɗaya ba ai ba zai yi wuya ba.

Mako uku ta yi ba ta ga komai ba sai jan rubutu, wanda da shi manhajar ke cewa ba ta gane ba. In ta manta waƙafi ɗaya, ja. In ta buɗe alamar baka ba ta rufe ba, ja. In ta sa babban harafi a wurin ƙarami, ja. Ta riƙa yi mata faɗa kamar yadda take wa manoma, tana tambayarta ko ba ta da hankalin da za ta gane abin da mutum yake nufi. Da ta gama shigar da alƙaluman shekara biyu, da yatsa biyu da sabon tabarau, ta umarci kwamfutar ta ƙirga ƙauyuka, sai ta ce goma sha bakwai ne. Uwani ta rantse goma sha huɗu ne, da babur ɗinta ta zagaye su. Ashe ta rubuta Diko iri uku, wani wuri da harafin k ɗaya, wani da biyu, wani da ƙaramin harafi, sannan a wasu layuka ta bar fili bayan Iku, kwamfutar ta ɗauke shi wani gari daban.

Toyin gwana ce, amma ba ta da haƙurin koyarwa. Da ta ga Uwani tana lalube sai ta janye kwamfutar, yatsunta su yi ta rawa, ta mayar ta ce ga shi nan. Asabar ta biyar Uwani ta buge mata hannu. Ta ce shekara ashirin tana koyar da manya, ba ta taɓa karɓe fartanya daga hannun mai koyo ba, domin in ka karɓa kai ka yi noman, shi kallo ya yi. Daga ranar Toyin kan zauna a kan hannuwanta a zahiri, tana cije leɓe, har Uwani ta gano kuskurenta da kanta.

A wata na biyu ta kusa bari. Toyin ta kawo wasu takardu cike da haruffa masu kama da ƙugiya da tsutsa, Uwani ta dube su ta ce ita ta tsufa da wannan. Sai Toyin ta tattara takardun ta ce a bar su, a yi wasa. Ta ce kwamfuta tana iya ƙirƙirar duniyar ƙarya wadda kai ka san gaskiyarta tun farko, domin kai ka shirya ta. Ta sa Uwani ta rubuta umarni da hannunta: a yi ƙauyuka goma sha huɗu, kowanne da yawan gonakinsa na gaske, amma duka ƙarfinsu ɗaya, babu wanda ya fi wani. Bambancin da zai shiga tsakanin gona da gona sa'a ce kawai, irin ta ruwa da tsutsa. A yi gasa, a fitar da na ɗaya, a maimaita shekara ashirin da biyar. Toyin ta nuna mata farkon hanyar ta tafi Ilori biki, ta bar ta da sauran.

Kwana huɗu Uwani tana fama. Ranar Laraba da safe, kafin ta fita sunan wata maƙwabciya, ta danna, jan rubutu bai fito ba. Kafin shayinta ya huce kwamfutar ta noma gonaki dubu huɗu da 'yan kai ta girbe su. Uwani ta bi jerin da yatsa. A cikin shekaru ashirin da biyar na ƙarya, Tungar Habibu ta zo ta ɗaya sau biyar, ta zo ta ƙarshe sau shida. Iku mai gonaki goma sha tara sau ɗaya ta taɓa hawa sama, sauran shekarun tana tsakiya. Alhali ita da hannunta ta yi su daidai wa daida. Ta daɗe zaune tana kallo. Sai ta tuna rumfa da kujerun roba da shafuka huɗu, dariya ta kama ta har ta cire tabarau tana share ido.

Ba ta iya riƙe labarin ba. A tsakar gidan suna, mata cike, ta kira Toyin a waya. Uwani kuwa ba ta yarda waya tana kai magana ba sai an ɗaga murya. Ta ce ta samu, gonaki dubu huɗu, wasu a Zuma, wasu a Diko, wasu nan Iku, duk a safiyar nan, kuma in ta so gobe ta ƙara wasu. Ba ta lura da yadda hira ta tsaya a kewayenta ba.

Kafin Juma'a labari ya zama cewa gwamnati ta damƙa wa Uwani gonaki dubu huɗu ta raba. Mutane suka fara sallama da Malam Idris tun da hantsi, wasu da goro, wasu da tuna masa zumuncin da shi bai san da shi ba. Shi kuwa abin nema ya samu. Yakan gyara zama ya ce ƙwarai kuwa, da idonsa ya gan su, gonaki ne da ba su san ciyawa ba, ba a kai musu taki, kuma akan girbe su sau ashirin da biyar kafin azahar. Sai ya bari mutum ya gama washe baki, sannan ya shiga ya fito da kwamfutar ya nuna masa layukan lambobi. Yawanci sukan yi dariya su tafi. Wani makanike mai suna Linus ya daɗe yana duba jerin, ya ɗora yatsa a kan wadda ta ba da buhu goma sha takwas, ya ce in dai za a fara rabon gaske a tuna ya riga kowa nuna wannan.

Bayan Toyin ta dawo aka shiga ainihin lissafin hawa-hawa. Nan ta ƙara wata manhaja mai suna Stan, wadda R ke kira ta yi aikin nauyi. Ta ce yadda take aiki kamar mutum ne ya tura 'yan aike huɗu su nemo masa labari, kowa ta hanyarsa. Kowanne zai yi ta yawo cikin amsoshin da za su iya yiwuwa, yana daɗewa inda suka dace da alƙaluma. In suka dawo da magana ɗaya, a saurare su. In kowa ya dawo da tasa, akwai matsala a gida. Uwani ta gane wannan nan take, domin ta sha aiken mutane.

Tsohuwar kwamfutar takan yi zafi in Stan na aiki, har sai an ɗora ta a kan faranti an kunna mata fanka, in kuma an ɗauke wuta a yi mata fifita da murfin kwano. Uwani ta shiga ambaton sunan ko'ina. Stan ya ɓata mata rai yau. Stan ya sa ta jira awa biyu. Stan ba ya son a gaggauta shi. Malam Idris ya yi mako guda yana ji. Ranar Asabar ya tare Toyin a bakin rijiya ya tambaye ta a hankali ko wannan Stan ɗin ɗan'uwanta ne, kuma me ya hana shi zuwa ya gaishe da mai gida tunda har ya saba da iyali haka. Toyin ta zauna a kan bokiti don dariya. Har yau ba a tabbatar ko da gaske ya yi tambayar ba.

Sun fara gwada tsarin a kan gonakin ƙarya, inda suka san amsa, suka ga ya kama gaskiya kusa-kusa. Da aka ba shi alƙaluman gaske sai 'yan aiken huɗu suka dawo kowa da labarinsa. Toyin tana wurin aiki duk makon. Uwani ta bi layi ɗari uku da ashirin da biyu ɗaya bayan ɗaya, littafi a cinya, har ta iske wata gona a Zuma da ta rubuta amfaninta da kilo a inda ake rubuta buhu, gona guda ta zama ta fi ƙauye uku. Ta gyara, ta sake turawa, 'yan aike suka dawo baki ɗaya. Ba ta kira kowa a waya ba wannan karon.

Abin da ya fito ba na kafa wa rumfa ba ne. Ƙauyukan ba su bambanta da juna sosai ba. Babban bambancin yana tsakanin gona da gona a cikin ƙauye ɗaya. Tungar Habibu kuwa, in an haɗa shekara biyu aka ja ta gwargwadon ƙarancin gonakinta, tana iya zama ko'ina daga ta uku zuwa ta goma sha ɗaya, mafi rinjaye dai tsakiya. Akwai kuma 'yar alama cewa waɗanda suka jira ruwa ya zauna kafin shuka sun fi masu gaggawa, amma alamar ba ta yi ƙarfi ba.

Oga Vincent ya karanta shafi ɗaya da rabi da ta kawo masa, ya juya takardar ko akwai saura a baya.

"Hajiya, ni yanzu wa zan ba injin feshi? Ba zan iya kiran 'tsakanin ta uku da ta goma sha ɗaya' ya fito gaban jama'a ya karɓi kyauta ba."

Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe kwamfutar ta nuna masa gasar ƙarya, ta ce ya danna da kansa. Ya danna, Tungar Habibu ta hau sama. Ya sake, ta faɗo ƙasa. Ya sake, ya sake, ya ja kujera ya zauna sosai, har mai shara ta zo ta tafi yana dannawa. Daga ƙarshe ya ce to a daina gasar, injinan su riƙa zagayawa ƙauye-ƙauye. Ya so a sa maganar jiran ruwa a rahoto da manyan haruffa, ta ce a bari sai an ƙara shekara, ita ta gaji da rubuta abin da za ta zo tana jin kunyarsa.

Saura Baba Habibu. Ta hau babur ta same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar gatari. Aka kawo mata kunu, aka gaisa, ta yi masa bayani dalla-dalla: sikeli bai yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba, bara ba su kai yadda aka ce ba, bana ma ba su lalace yadda aka ce ba. Tana tsammanin zai ji sanyi. Ya ajiye gatarin.

"Malama, na ɗaya na san shi, na ɗanɗana. Na ƙarshe ma na san shi, ana tausaya masa. Amma tsakiya? Wa ya taɓa tsayawa a kasuwa ya saurari na tsakiya?"

Ta ce ba ita ta ajiye shi can ba, ƙarancin gonakinsu ne ya sa aka jingina su da maƙwabta. Ya shafa gemu. Ya tambaya, wato da gonakin suna da yawa na'urar za ta ƙyale su su yi wa kansu magana? Ta ce haka ne. Ya ce to ai da ta faɗi wannan tun farko. Uwani ta koma gida tana mamaki, abin da ya ɗauke ta wata biyu tsohon ya kama shi kafin kunu ya huce.

Da damina ta kusa ya aiko mata da sunaye goma sha ɗaya na masu shiga gwajin. Ya shigar da surukan surukinsa, da limamin tungar, da wata gwauruwa mai ɗan fili a bayan ɗaki, har da wani da sai da aka yi muhawara ko gonarsa a tungar take. Ya riƙa zagaya su da kansa yana duba tazarar shuka. A girbin shekara ta uku lissafi ya sa su tsakanin ta huɗu da ta takwas. A kasuwar Diko yakan ce na'ura ta ce su ne na huɗu, ya bar sauran maganar ga mai son tambaya.

Yanzu shekarun Uwani hamsin da biyu. Duk Alhamis takan zauna a barandar ofis da abokan aikinta shida, biyu daga cikinsu sun girme ta, tana koya musu R. Ba ta zama gwana ba. Har yanzu haruffan nan masu ƙugiya sai ta bi su da yatsa, kuma akwai abubuwan da take yi daidai ba tare da ta iya faɗin dalilinsu duka ba, takan kuma faɗi hakan a fili.

A watan jiya wata tambaya ta tsaya mata. Akwai gonaki a bakin iyakar ƙauyuka biyu, kunyar noma ɗaya ce ta raba su, ruwa ɗaya ke sauka a kansu, amma lissafinta yana ɗaukarsu kamar ba su san juna ba saboda sunan ƙauyensu daban. Ta kai wa Toyin. Toyin ta yi tunani, ta ce ta san akwai hanyar da ake sa nisan wuri a cikin lissafi, amma ita ma ba ta taɓa yi ba. Ta nemo wani littafi a intanet mai shafi ɗari shida, wanda marubutansa suka sake shi kyauta. Suka kai shagon buga takardu a cikin gari aka buga, ya fito da kauri kamar bulo, mai shagon ya ce ba shi da abin da zai ɗinke shi guda. Sai aka raba biyu. Uwani ta ɗauki rabin farko, Toyin ta ɗauki na biyu, a kan cewa kowa ya karanta nasa ya ba ɗan'uwansa labari. Toyin ta dawo bayan mako biyu ta ce nata ba ya karantuwa sai da na farkon. Yanzu duk Asabar bayan la'asar suna zaune a tabarma ɗaya da rabin farko a tsakaninsu, kuma sun kai shafi na arba'in da uku.